Black Bart: Ɗan fashin da ya tare keken doki sau 28, hankici ya tona masa asiri

Duk wanda ya taɓa ɗaura uwar kuɗinsa a ƙugu ya kama hanyar kasuwa da asuba, ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan mota ta rage gudu a kan hawa, ga daji dama da hagu. Wannan fargaba ta daɗe a duniya, kuma mutanen wasu ƙasashe ma sun sha ta. A yammacin ƙasar Amurka, tun kafin a san mota, masu ɗaukar zinariya da wasiƙu da fasinja sun yi fama da ƴan kwanta-kwanta irin nasu. Yau filin namu zai kawo muku tarihin wanda ya fi suna a cikinsu, wato Charles Boles, wanda duniya ta fi sani da Black Bart. Daga shekarar 1875 zuwa 1883 ya tare keken doki sau 28, shi kaɗai, a ƙasa, ba tare da ya harbi kowa ba. Shekara takwas ana nemansa, har ranar da wani ɗan ƙyallen goge fuska ya kai shi gidan kaso.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Charles Boles wajen shekarar 1829 a yankin Norfolk na ƙasar Ingila. Yana ɗan shekara biyu iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka a gundumar Jefferson da ke arewacin jihar Niyok, kusa da iyakar Kanada. Mahaifinsa manomi ne mai ƴaƴa da yawa, shi ma Charles a gona ya tashi.

A watan Janairu na 1848 wani kafinta mai suna James Marshall ya tsinci zinariya a bakin kogi a Coloma, cikin yankin Kalifoniya. Labari ya bazu kamar wutar daji. Manoma suka bar gonaki, ma'aikatan jiragen ruwa suka gudu suka bar jirage a tasha, mutane kimanin 300,000 suka kwarara zuwa Kalifoniya cikin ƴan shekaru. A ƙarshen 1849 Charles, yana saurayi ɗan shekara 20, ya bi sahu tare da ƴan'uwansa. Suka yi ta wanke yashi a bakin kogin American kusa da Sacramento, amma abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Ya koma gida a 1852, ya sake dawowa da ƴan'uwansa biyu, David da Robert. Isowarsu ke da wuya ciwo ya kama su biyun, suka rasu. Charles ya ƙara shekara biyu yana haƙa, sannan ya haƙura ya koma gabas hannu rabbana.

A 1854 ya auri Mary Elizabeth Johnson. Zuwa 1860 suna zaune a garin Decatur na jihar Illinois da ƴaƴansu, yana noma kamar kowa. Da a ce rayuwarsa ta tsaya a nan, da babu wanda zai tuna da sunansa yau.

Daga soja zuwa ɓacewa

A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin arewacin Amurka da kudancinta, kuma maganar bauta ce tushen rigimar. Ranar 13 ga Agusta 1862 Charles ya shiga sojan arewa, a runduna ta 116 ta jihar Illinois. Ya nuna jarunta har ya kai muƙamin babban saje. Ya ji mummunan rauni a fagen daga, ya warke, ya koma bakin aiki. Yana cikin sojojin Janar Sherman da suka taka a ƙasa daga Atlanta zuwa bakin teku a Savannah a ƙarshen 1864, tafiyar fiye da kilomita 400. A nan ya koyi doguwar tafiya da kaya a baya, da kwanan daji, da haƙuri da yunwa. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne jarin da mutumin ya yi amfani da shi daga baya.

An sallame shi a watan Yuni na 1865 a birnin Washinton, ya koma wajen iyalinsa. Amma zaman gona ya gagare shi. A 1867 ya sake ɗaukar jaka ya nufi Idaho da Montana neman zinariya, ya bar mata da yara da alkawarin zai dawo da arziki. Da farko wasiƙu suna zuwa. A watan Agusta na 1871 ya rubuto wata daga Montana, inda ya ambaci wani saɓani da ya shiga tsakaninsa da mutanen kamfanin Wells Fargo, ya kuma ce sai ya rama. Daga wannan wasiƙa sai shiru. Mary ta jira har ta gaji, ta ɗauka mijinta ya mutu, ta ci gaba da riƙon yara ita kaɗai.

Yadda sufuri yake a wancan zamani

Kafin mu shiga labarin fashi, ya kamata mu san irin hanyar da ake magana. An gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma a watan Mayu na 1869, amma jirgi bai shiga ƙauyukan duwatsu inda ake haƙar zinariya ba. Abin hawan da ke zuwa can shi ne keken doki: wani babban akwatin katako mai ƙafa huɗu da ƙofa da tagogi, dawaki huɗu ko shida suna jansa. Irin wanda ya fi shahara ana ƙera shi ne a garin Concord na jihar New Hampshire. Mutum tara suke zama a ciki, wasu su hau sama tare da kaya, direba kuma yana can gaba a bisa da linzamai a hannu. Jikin keken a kan kaurarar igiyoyin fata yake rataye, don haka yana lilo a kan gargada maimakon ya karye. Duk bayan kilomita 20 ko kusa da haka akwai zango inda ake sauya dawaki.

Kamfanin Wells Fargo, wanda Henry Wells da William Fargo suka kafa a 1852, shi ne babban mai ɗaukar amanar dukiya a yankin. Mai haƙar zinariya ko ɗan kasuwa zai kai kayansa ofishin kamfanin, a auna, a ba shi takarda, ya biya lada. Kamfanin ya sa kayan cikin wani koren akwati na katako mai ɗaurin ƙarfe da kwaɗo, a ajiye shi ƙarƙashin kujerar direba. A Kalifoniya ta wancan lokaci yawancin kekunan na wasu ƙananan kamfanonin sufuri ne, Wells Fargo haya yake biya don a ɗaukar masa akwati. Idan kayan suna da yawa sai ya haɗa da ɗan rakiya mai bindiga, ya zauna kusa da direba. Abin da ya sa mutane suka amince da kamfanin shi ne, idan an yi fashi yana biyan mai kaya abin da ya ba da, cif-cif.

To, inda duk dukiya ke bin hanya ɗaya a rana sananna, ɓarayi ba sa rasa labari. Tun 1856 wani likita da ya koma ɗan fashi, ana ce masa Tom Bell, ya tare keken da ya taso daga Camptonville da ƴan ƙungiyarsa. Aka yi musayar wuta, wata mata fasinja ta rasa ranta, kafin shekarar ta ƙare aka kama Bell aka rataye shi. Lissafin da masu binciken Wells Fargo suka fitar ya nuna cewa daga 1870 zuwa 1884 an yi wa kekunan da ke ɗauke da akwatinsu fashi sau 313, an kuma yi yunƙuri sau 34 bai yi nasara ba. Asarar ta haura dala 400,000. Dalar da muke faɗa a nan ta Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba. Don a gane nauyinta, a lokacin ma'aikacin ramin zinariya dala 3 yake samu a yini.

Fashin farko

Ranar 26 ga Yuli 1875 direba John Shine yana hawan wani tudu da ake kira Funk Hill, a gundumar Calaveras, kan hanyar Sonora zuwa Milton. Dawaki sun gaji, suna tafiya a hankali. Sai wani mutum ya fito daga bayan dutse ya tsaya a gabansu. Ya rufe kansa da buhun fulawa da aka huda wa ido biyu, yana sanye da doguwar rigar tare ƙura, yana riƙe da bindiga mai baki biyu. Cikin murya mai kauri, kuma da ladabi, ya roƙi direba ya jefo akwati. Sannan ya juya wajen daji ya ɗaga murya kamar mai ba yaransa umarni su buɗe wuta idan direba ya motsa. Shine ya duba, ya hango bakin bindigogi sun leƙo daga cikin ciyayi. Bai yi gardama ba, ya jefo akwati da buhun wasiƙu.

An ruwaito cewa wata mata a cikin keken ta tsorata ta jefo jakar kuɗinta, mutumin ya ɗauka ya mayar mata, ya nuna mata cewa da kamfani yake, ba da fasinja ba. Ya fasa akwati da gatari, ya kwashe abin da ke ciki, ya shige daji. Da direba ya dawo ɗaukar fasasshen akwati, sai ya ga bindigogin nan suna nan ba su motsa ba. Ya matsa kusa, ashe sanduna ne aka ɗaure a jikin itatuwa. Abin da aka samu a akwatin bai wuce dala 160 ba. Mai wannan aiki Charles Boles ne, yana da shekara kusan 46 a duniya.

Dabarunsa

Daga ranar nan salon aikinsa bai sauya sosai ba. Kullum a kan hawa yake tsayawa, kusa da kwana, inda dole dawaki su rage tafiya. Yana tsayawa daf da dokin gaba, ta yadda duk mai son harbinsa sai ya yi shakkar kada ya sami doki. Yana zaɓen keken da ba shi da ɗan rakiya. Yana yanka buhunan wasiƙu da wuƙa, yanka mai siffar harafin T, ya bar tsohon gatarinsa a wurin. Ba ya zagi, ba ya ashar, ba ya taɓa aljihun fasinja.

Babban abin da ya ruɗa masu nemansa shi ne ba ya hawa doki, an ce ma tsoron dawaki yake. Su kuwa ƴan sandan lokacin sun saba bin sawun kofato. Shi da ya gama sai ya yanki daji da duwatsu a ƙasa, ya yi tafiyar da ba wanda zai zaci dattijo zai iya, ya ɓulla a wata tashar jirgin ƙasa ko ta jirgin ruwa mai nisa, ya shiga cikin fasinja kamar kowa. A farkon Oktoba na 1878 ya yi fashi biyu cikin kwana biyu a jere a gundumar Mendocino, a kan hanyoyi biyu daban. Aikinsa ya kai har kudancin jihar Oregon.

Tsakanin fashi da fashi yakan yi watanni yana hutawa a birnin San Faransisko. A can sunansa Charles Bolton, mai ramukan zinariya a ƙauye, wanda kan tafi duba ma'aikatansa lokaci-lokaci. Dattijo ne mai farin gashin baki, mai tsabta, da kwat da hula da sandar ƙawa da zoben lu'ulu'u. Yana haya a wani ɗaki, ba ya hayaniya da kowa, har yakan ci abinci a gidan abincin da ƴan sandan birnin suke taruwa. Ka ji inda ɓarawo ya fake a inuwar masu nemansa.

Sunan Black Bart kuwa ya samo shi ne daga wani ƙagaggen labari da wata jaridar Sacramento ta buga a 1871, wanda wani lauya William Rhodes ya rubuta, inda akwai wani mugun ɗan fashi mai wannan laƙabi. A fashinsa na huɗu, ranar 3 ga Agusta 1877, kan hanyar Point Arena zuwa Duncans Mills, ya bar wata takarda a cikin fasasshen akwati. Ƴar gajeruwar waƙa ce ta habaici, yana kukan ya daɗe yana wahala masu kuɗi suna taka shi. A ƙasa ya sa hannu da Black Bart, ya ƙara haruffan P da O da lamba 8, waɗanda in an karanta su a haɗe da Turanci suna ba da kalmar mawaƙi. Ya sake barin wata waƙar ranar 25 ga Yuli 1878 kan hanyar Quincy zuwa Oroville. Sau biyu kacal ya yi haka, amma jaridu suka ɗauka suka yayata, sunansa ya cika ƙasa. Takardun nan biyu kuma suka zama shaida a kansa, don sun bar wa masu bincike irin rubutun hannunsa.

Mai farautarsa

Wanda ya ɗauki nauyin kamo shi shi ne James Hume, shugaban masu bincike na Wells Fargo tun 1873. Shi haifaffen jihar Niyok ne, a 1827, shi ma zinariya ce ta kawo shi Kalifoniya a 1850, sannan ya zama shugaban ƴan sandan gundumar El Dorado. Mutum biyu ke nan da suka zo neman abu ɗaya, ɗaya ya zama mai tsaron amana, ɗaya ya zama mai fasa ta.

Hume ba mai gaggawa ba ne. Duk inda aka yi fashi yakan je da kansa ya auna sawu, ya tattara abin da aka yar, ya bi gidajen gona yana tambaya ko wani baƙo ya wuce. Bayan fashin Mendocino na 1878 ya iske wani gidan gona inda wani matafiyi mai ladabi ya tsaya ya ci abinci ya biya. Wata yarinya a gidan ta siffanta shi dalla-dalla: furfura, idanu masu zurfi launin shuɗi, haƙoran gaba biyu babu, hannaye sirara irin na wanda ba ya aikin ƙarfi, magana irin ta mai ilimi. Hume ya buga wannan siffa ya rarraba. Kamfani da gwamnatin jiha da gidan waya suka haɗa ladan dala 800 ga duk wanda ya kamo shi. Duk da haka aka ƙara shekara biyar, domin kowa yana neman wani ƙaton mugu ne, ba wanda ya kalli dattijon nan mai sandar ƙawa.

Ranar 13 ga Yuli 1882 ya sha da ƙyar. Ya tare keken da ya taso daga La Porte ɗauke da zinariya mai yawa, bai san akwai ɗan rakiya ba. George Hackett ya ɗaga bindiga ya harba, harsashi ya shafi kan ɗan fashin ya bar masa tabo, ya ruga daji ba tare da ya ɗauki komai ba. A watan Afrilu na shekarar nan aka harbe Jesse James, ɗan fashin bankuna da jiragen ƙasa, a gidansa a Missouri, kuma ɗan ƙungiyarsa ne ya harbe shi. Mai hankali zai ga ishara a waɗannan biyu ya ajiye sana'ar. Boles bai ajiye ba.

Rana ɗaya ta mai kaya

Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar ta zo a 3 ga Nuwamba 1883, kuma a kan tudun Funk Hill, daidai inda ya fara. Direba Reason McConnell ya taso daga Sonora, ya ɗauki zinariyar wata mahaƙa a Tuttletown wadda kuɗinta ya haura dala 4,000. A mashigar kogin Stanislaus wani saurayi ɗan shekara 19, Jimmy Rolleri, ya hau da bindigarsa don ya je farauta. Da suka iso gindin tudu yaron ya sauka, ya ce zai zagaya ta ƙasa ko ya sami nama, su haɗu a ɗaya gefen.

Kusa da ƙarshen hawan mai buhun fulawa ya fito. Amma wannan karon kamfani ya yi dabara: an ɗaure akwatin da ƙusoshi a daɓen keken daga ciki, ba ya jefuwa. Dole ɗan fashin ya sa direba ya kwance dawaki ya haye tudu da su, shi kuma ya shiga cikin keken yana sara da gatari. Aikin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. A can gaba direba ya hango Jimmy, ya yafuto shi da hannu, suka lallaɓo. Daidai lokacin da ɗan fashin ke fitowa da kaya, McConnell ya karɓi bindiga ya harba sau biyu bai samu ba. Yaron ya karɓa ya harba, ya same shi a hannu. Boles ya faɗa cikin daji da zinariya, jini na zuba. Ya tura zinariyar cikin wani ruɓaɓɓen gungume, ya ɓoye bindigarsa a kogon itace, ya riƙe tsabar kuɗi kaɗan, ya kama tafiya.

Da shugaban ƴan sandan gunduma Ben Thorn ya zo wurin, ya tarar da abubuwan da gaggawa ta sa aka bari: hula, guzurin abinci, buhunan fulawa, da wani hankici. A gefen hankicin akwai ƙananan haruffa da aka rubuta da tawada: F.X.O.7.

Alamar mai wanki

Duk wanda ke kai kaya wajen mai wanki da guga ya san kowane mai kaya da alamarsa, don kada riguna su cakuɗe. Hume ya gane wannan irin alama ce, kuma ya yi zaton daga babban birni ta fito. Ya ba Harry Morse hankicin, wani gogaggen mai bincike da ya taɓa shugabantar ƴan sandan gundumar Alameda. A lokacin akwai gidajen wanki 91 a San Faransisko. Morse ya bi su ɗaya bayan ɗaya, fiye da mako guda yana yawo, har ya isa wani shagon taba a titin Bush, wanda mai shi, Thomas Ware, ke karɓar kayan wanki a madadin wani gidan wanki. Ware ya duba littafinsa ya ce ai wannan alamar abokinsa ce, Bolton mai ramukan zinariya.

Ba a jima ba sai ga Bolton tafe da sandarsa. Morse ya gabatar da kansa da wani suna, ya ce yana son shawara kan harkar ma'adinai, ya ja shi da hira har cikin ofishin Wells Fargo, inda Hume ke jira. Suka lura da sabon rauni a hannunsa. Ya ce a jirgin ƙasa ya ji shi. Suka tambaye shi sunan raminsa da inda yake, ya kasa faɗa. Aka je ɗakinsa aka bincika, aka sami tufafi masu alamar F.X.O.7, da wata wasiƙa da rubutunta ya yi daidai da na waƙoƙin nan. Aka kuma sami Littafin Baibul da matarsa ta ba shi tun yana soja, da sunansa na gaskiya a ciki.

Shari'a da gidan kaso

Aka kai shi garin San Andreas, hedikwatar gundumar Calaveras. Da farko ya musanta, har ya ba da wani sunan ƙarya. Bayan doguwar tattaunawa da Morse ya amsa laifin fashi na ƙarshe, ya kai su inda ya ɓoye zinariya, aka same ta. A kotu wannan fashi ɗaya kaɗai aka tuhume shi da shi. Alƙali ya yanke masa shekara shida, ya shiga gidan kason San Quentin ranar 21 ga Nuwamba 1883, kwana 18 kacal bayan harbin da aka yi masa. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi sauƙi ga mai fashi 28, amma kamfani ya sami zinariyarsa, kuma ba a taɓa samun jinin kowa a hannun mutumin ba.

Ta jaridu Mary ta ji cewa mijin da ta yi wa makoki shekara 12 yana raye, kuma shi ne ɗan fashin da ake ta labari. Tana zaune a Hannibal ta jihar Missouri. Ta rubuta masa, ya amsa, suka yi ta musayar wasiƙu yana tsare. Saboda kyakkyawan hali aka rage masa wa'adi, ya fito ranar 21 ga Janairu 1888 bayan shekara huɗu da wata biyu. Ya tsufa, ganinsa ya ragu, kunne ɗaya ya toshe. Ƴan jarida suka yi masa caa a bakin ƙofa, ya shaida musu ya bar fashi har abada.

Bai koma wajen matarsa ba. Ya rubuta mata cewa mutanen kamfani suna binsa duk inda ya sa ƙafa, ya gaji, yana son ya nisanci kowa. A ƙarshen Fabrairu na 1888 ya sauka a wani masauki a garin Visalia, ya bar jakarsa a ɗaki ya fita, ba a sake ganinsa ba. A watan Nuwamba na shekarar wani ya yi fashi ya bar waƙa a wurin, amma da Hume ya gwada rubutun ya ce mai kwaikwayo ne. Jita-jita ta yaɗu cewa kamfani yana biyansa albashi don ya bar kekunansa su huta, kamfanin ya ƙaryata. A 1892 Mary ta sa an rubuta ta a kundin sunayen mazauna garinsu a matsayin matar marigayi. Hume ya rasu a 1904.

Wa ya biya?

Har yau a Kalifoniya ana ba da labarin Black Bart da sha'awa, ana kiransa ɗan fashi mai ladabi, akwai wuraren da aka sa wa sunansa. Amma ɗan kasuwa ya san lissafi ba ya tafiya da ladabi. An ƙiyasta duk abin da ya kwasa daga kamfanin cikin shekara takwas bai wuce dala 18,000 ba, kuma ya ƙare a haya da sutura da abincin birni. Kamfani ya biya masu zinariya, ya kuma ci gaba da karɓar ladansa daga masu aika kaya. Waɗanda ba su da mai biyansu su ne masu wasiƙu: lebura da ya sa ƴan kuɗinsa cikin ambulan zai aika wa uwarsa, da mai shago da ya aika biyan bashi. Buhunansu ya yanka kamar yadda ya fasa akwatin kamfani, duk da iƙirarinsa cewa da masu kuɗi yake faɗa. Direbobin da ya auna da bindiga kuwa ba su da hanyar sanin ko zai harba ko ba zai harba ba, tsoron da suka ji na gaske ne.

A gidansa ma an biya. Yaran da ya bari a 1867 sun girma ba uba, uwarsu ta yi takaba mijinta na raye, ta sake jiransa bayan ya fito, bai zo ba. Hume da Morse kuwa sun kama shi ne da haƙuri da bin diddigi, ɗaya yana tara ƙananan shaidu shekara takwas, ɗaya yana bin gidajen wanki ƙofa-ƙofa da hankici a aljihu. Masu fita kasuwa gobe, Allah ya tsare hanya, ya kai kowa da kayansa lafiya.